Tanti a ƙasa, tanti a sama, ko tirela? Yadda za ka shirya motar UTV don kwanan daji

Wani ɗan uwa da muke haɗuwa a masallacin Juma'a a nan Salt Lake City, a jihar Utah ta Amurka, ya sayi ƙaramar motar daji ta hannu, irin wadda Amurkawa ke kira UTV, daga hannun wani manomi da ya yi shekaru yana ɗibar ciyawar dawaki da ita. Polaris Ranger XP 1000 ce. Ya ware dala 6,000 don ya mayar da ita abin tafiyar kwana uku ko huɗu a daji, shi da maiɗakinsa, amma ya rasa ta inda zai faro. Wannan ya ce masa ya ɗora tanti a sama, wancan ya ce ya sayi tirela, wani kuma ya ce ya sayar da ita kawai ya sayi wadda aka ƙera don wannan aikin. Da yake na riga shi shiga harkar, kuma na kashe kuɗi a inda bai kamata ba, na ga ya dace in shimfiɗa masa maganar a rubuce, ko wani ma ya amfana.

Ga wanda bai san motar ba: kujeru ne a jere, sitiyari irin na mota, kejin ƙarfe a sama, sai bodi a baya mai juyewa kamar na tifa. In ka ce ƙaramar a-kori-kura ce mai ƙafafun daji, ba ka yi kuskure ba. Ranger, da Can-Am Defender, da Honda Pioneer, da Kawasaki Mule duk dangi ɗaya ne. An yi su ne don gona: tafiya gajera, a hankali, da kaya masu nauyi a kwance cikin bodi. Tafiyar zango kuwa doguwa ce, a kan gargada, da hawa da gangara da hanyoyin da suka karkata gefe guda. Duk gyaran da za ka yi mata, ƙoƙari ne na cike wannan tazarar.

Ma'aunan da zan yi amfani da su

Na farko nauyi, kuma shi ne uban sauran. Ranger XP 1000 mai kujeru uku tana ɗaukar wajen laba 1,500 gaba ɗaya, wato kilo 680, kuma bodinta kaɗai laba 1,000, kilo 454. Mutane da yawa suna kallon adadin bodin su manta cewa su kansu, da rufin da suka sa, da gilashi, da bamba, duk suna cikin lissafi. Bari mu yi shi tare. Mutum biyu, kilo 160. Rufi, gilashi, bamba, winci (na'urar da ke jan mota da igiya in ta maƙale) da garkuwar da ke tsare ƙasan mota, a ce kilo 70. Ruwa: a hamada ana so kowane mutum ya tanadi aƙalla galan ɗaya na sha a rana, kusan lita huɗu, mu kuma ga alwala sau biyar ga girki, don haka ni lita bakwai nake lissafa wa kowa. Mutum biyu kwana huɗu, kusan lita 60 ke nan, kilo 60 ban da jarkoki. Ƙarin fetur jarka biyu, kilo 35. Safayar taya, jak da kayan gyara, kilo 50. Abinci da kula, 40. Shimfiɗa, kujeru da kayan girki, 40. Ba ka ɗora wurin kwana ba tukuna, abin da ya rage maka bai fi kilo 225 ba.

Na biyu, inda nauyin ya zauna. Motar nan faɗinta inci sittin da 'yan kai ne kawai, ga ta da tsayi. Duk wanda ya taɓa ganin motar kasuwa da aka yi wa lodi har sama ta shiga kwana ya san abin da nake nufi. Kilo 70 a ƙasan bodi da kilo 70 a saman kai ba abu ɗaya ba ne.

Sauran su ne kuɗi, har da wanda zai biyo baya bayan sayen farko. Ƙarko a kan hanyar da ke jijjiga kowane noti daga safe zuwa yamma. Sauƙin kafa zango da tashinsa, da ko motar za ta iya komawa bakin aikinta na gida ranar Litinin. Sai haɗari, wato kifewa, maƙalewa, ko lalacewa a inda babu sabis ɗin waya.

Abin da ba ya cikin muhawara

Kafin a zo kan zaɓi, akwai kayan da kowace hanya ka bi sai ka saye su, kuma su ya kamata su fara cin kuɗinka.

Taya ce ta farko. Wadda ta zo da motar gona gefenta yana da taushi, dutse mai kaifi yana yanka ta kamar wuƙa a kabewa. Ka nemi mai ninki takwas, ka sayi biyar don ɗaya ta zama safaya, ka haɗa da kayan faci da ƙaramin famfon iska mai aiki da batir. Kada ka yi nisa da girman da ta zo da shi. Ƙarin inci ɗaya ko biyu ba laifi, amma da ka wuce haka sai kuloci ya nemi gyara, bel ɗin roba da ke isar da ƙarfin inji zuwa giya ya fara shan wahala, mai ya ƙara tafiya.

Sai garkuwar ƙasa ta roba mai tauri da ake kira UHMW. Ta fi ta alminiyam dacewa da duwatsu, don tana sulɓewa a kansu, ba ta lanƙwashewa ta zauna a lanƙwashe. Sai winci mai jan laba 4,500 da igiyar zare maimakon ta waya. Sai safayar bel da abin canza shi, in motarka mai bel ce. Ranger, Defender da Mule duk da bel suke aiki. Pioneer 1000 ce ta fita daban, giya shida gare ta irin ta mota, ba ta da bel, sai dai tankinta ƙarami ne, galan 7.9, alhali na Ranger XP 1000 galan 11.5 ne, na Defender kuma 10.6. Tawa in an yi mata lodi tana yin mil 12 zuwa 15 a galan ɗaya, kuma ba na yarda in isa wurin shan mai da ƙasa da rubu'in tanki. Wanda ke son ya zagaya Arizona Peace Trail, hanyar nan mai tsawon mil 675 da ta ratsa Yuma, Quartzsite, Lake Havasu City da Kingman, dole ya zauna da taswira ya auna tazarar da ke tsakanin gidajen mai kafin ya san jarka nawa zai ɗauka.

Wani ƙaramin abu da ake mantawa: in ka sa gilashin gaba, ka sa na baya. Gilashin gaba shi kaɗai yana janyo ƙura ta baya ta cika muku ido da hanci, ku isa zango kamar waɗanda suka fito daga injin niƙa.

Waɗannan duka za su ci dala 2,500 zuwa 3,000 a farashin da nake gani a kasuwa. Abokina ke nan saura dala 3,000 da ɗan ɗoriya a hannunsa. A kan wannan ragowar ake gardama.

Zaɓi na ɗaya: kaya a bodi, tanti a ƙasa

Wannan ita ce hanya mafi sauƙin kuɗi, kuma ita ce mutane ke rainawa don ba ta da kyan hoto. Akwatunan roba masu murfi da ke hana ƙura shiga, a jera su a bodi, masu nauyi a ƙasa kuma can gaba kusa da bayan kujera, a ɗaure da maɗauri mai ƙarfi. Tanti mai kyau na mutum uku ko huɗu, da gadaje masu naɗewa irin na soja. Da dala 500 zuwa 1,000 ka gama, nauyin wurin kwanan duka bai wuce kilo 25 zuwa 30 ba.

Ta fuskar ƙarko babu abin da zai karye, don babu abin da aka ɗaure da noti. In tanti ya yage, ka sayi wani. Motar tana tafiya kusan yadda masu ƙera ta suka tsara, nauyi a ƙasa. In kun kafa zango kuna son ku zaga ku ga wuri, sai ku bar tanti a kafe ku tafi da mota wayam. In kun dawo gida, minti ashirin ya isa a sauke komai ta koma ɗibar itace.

Aibinsa a bayyane yake. Kullum sai an kafa an kwance, minti goma sha biyar zuwa ashirin kowane lokaci, kuma in ruwa ya sauka sai ka naɗe jiƙaƙƙen tanti mai taɓo. Kana bukatar fili mai laushi, abin da ke wuya a wasu wuraren duwatsu. Maganar kunama da maciji kuma gaskiya ce, musamman a Arizona, kuma ita ce ke tura yawancin iyalai zuwa tantin sama. Amma tanti mai ɗinkakken ƙasa da zif mai kyau, da gado mai ƙafa, da ɗabi'ar kakkaɓe takalmi da safe, sun rufe mafi yawan wannan ƙofar.

Zaɓi na biyu: kariya a kan bodi, tanti a sama

Nan zan daɗe, don nan ne kuɗina ya tafi, kuma nan ne zuciyar abokina ta karkata.

Ana kafa kariya, wato firam ɗin ƙarfe na ɗora kaya, a kan bodi, a ɗora tanti mai naɗewa a kanta, da tsani. Kariya mai kyau dala 600 zuwa 1,500, tanti kuma daga 1,000 har 4,000, ya danganta da mai laushin murfi ne ko mai tauri. Tantin kaɗai kilo 45 zuwa 75, da kariya ya doshi 100. Bayan haka sai ka ga bayan motar ya zauna, dole ka sayi safirin mai ƙarfi, wasu 'yan ɗaruruwan dala ke nan.

Daɗinsa ba ƙarya ba ne. Katifa tana ciki, bargo yana ciki, cikin minti biyar ka buɗe. Ba ruwanka da dutse ko taɓo, in dai ka daidaita motar ta tsaya sosai. Iska tana ratsawa. Maiɗakina ta fi samun barci a ciki fiye da kowane tanti da muka taɓa kwana.

Amma ga abin da ya same mu. Wata rana a duwatsun da ke saman garin Marysvale a tsakiyar Utah, muna hawa a hankali da cikakken lodi, na bar motar a babbar giya maimakon in sa ƙarama. Sai na ji warin roba, kafin in tsaya na ji fas, inji yana kuka mota ba ta motsi. Bel ya tsinke. Ina da safaya, don haka hankalina bai tashi ba. Sai dai a irin waɗannan motoci injin yana ƙarƙashin bodi, sai an ɗaga bodi ake samun sararin aiki. Bodin da ke ɗauke da kariya da tanti da jarkoki kuwa bai ɗaguwa da hannun mutum ɗaya. Muka sauke komai a gefen hanya, muka ɗaga shi mu biyu, na tokare da itace ina aiki a ƙarƙashinsa gabana yana faɗuwa. Zaren tsohon bel ya nannaɗe kuloci, na dinga zaro shi da filaya ɗaya bayan ɗaya. Aikin da bai fi minti arba'in ba ya ci mana fiye da awa biyu, rana ta faɗi muna ɗaure kaya. Duk mai son wannan zaɓin ya tambayi kansa: in bodin nan yana ɗauke da lodinsa, zan iya ɗaga shi ni kaɗai? Ko matatar iska, wadda ƙura ke sa a duba ta kullum, a wasu motocin ta nan ake kai mata.

Matsala ta biyu ta fi wannan girma. A hanyar da ta karkata gefe, nauyin sama yana jan motar zuwa gangare. Na taɓa jin tayoyin ɓangaren tudu sun yi sakayau a wurin da a da nake wucewa ba tare da tunani ba. Maiɗakina ta riƙe maƙalin gefe ba ta ce uffan ba, ni ma ban ce ba, har muka fita. Tun ranar na sauko da kariyar ƙasa da tsayin rufi. In har za ka bi wannan hanyar, ka zaɓi kariya gajera yadda tantin zai ɓuya a bayan rufi, kuma ka nemi tanti mafi sauƙin nauyi da kuɗinka zai iya saye. Kada ka ɗora shi a kan kejin da ke saman kanku, kada kuma ka huda kejin don ɗaura wani abu. An yi shi ne don ya tsare ku in mota ta kife.

Akwai wasu ƙananan abubuwa. Ƙofar gareji a yawancin gidajen Amurka ƙafa bakwai ce, motar kuma ta haura ƙafa shida ita kaɗai, don haka tanti a sama da rufi yana nufin ba za ta shiga ba. In kun kafa zango kuma, motar ta zama ɗaki, ba mai zuwa ko'ina sai an naɗe. Dattijo ko mai ciwon gwiwa ya tuna da tsani da tsakar dare. Ta wajen ƙarko, tantin kansa yana daɗewa, amma nauyi a sama yana girgiza ƙafafun kariya, notuna suna kwancewa, bakin bodin roba yana iya tsagewa a inda aka ɗaure. Duba notuna kowace safiya ya zama wajibi.

Zaɓi na uku: tirela

Ƙaramar tirelar daji tana ɗauke nauyin daga kan motar gaba ɗaya. Ruwa, mai, kayan girki, har tantin sama in kana so, duk su koma kanta, a ƙasa-ƙasa. Ranger XP 1000 da Defender HD10 an rubuta musu jan laba 2,500, kilo 1,134, amma wannan lissafin fili ne mai kyau. A hanyar dutse ni ba zan wuce kilo 400 ba, tirela da kayanta, don yawancin ƙananan tireloli ba su da birki, kuma a gangara ita ke tura ka.

Farashi yana da faɗi sosai. Buɗaɗɗiya mai sauƙi daga dala 2,000, wadda aka gina da kicin da tanti tana haura 10,000. Kowace ka saya, ka canza mahaɗin. Mahaɗi mai ƙwallo na kan titi ba ya juyawa yadda rami da tudu ke bukata, sai irin mai juyawa ta kowace fuska. In ka samu tayoyinta su zama daidai da na motar, safaya ɗaya ta ishe ku.

Ga mai iyali, ko mai son kafa zango ɗaya ya yi kwana huɗu yana fita yawo yana dawowa, babu kamarta. Ka cire ta ka bar ta, mota ta koma yadda take. Kaya ma suna zaune a cikinta a gida, ranar tafiya sai dai a cika ruwa.

Haɗarinta a wuri ɗaya yake, amma babba ne: juyawa. A hanyoyin Alpine Loop na Colorado, tsakanin Lake City, Silverton da Ouray, inda mashigar Engineer ta kai ƙafa 12,800, akwai wuraren da hanya ta zama siririya, dutse a dama rami a hagu. In ka haɗu da wata mota dole wani ya yi ribas, kuma ribas da gajeriyar tirela a irin wannan wuri ba abin da zan so wa kowa ba ne. Ga shi a wannan tsayin inji ya riga ya rasa fiye da sulusin ƙarfinsa, tunda injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke tura masa ƙarin iska, yana rage wajen kashi uku cikin ɗari a kowace ƙafa dubu. Jan kaya a nan ƙaramar giya ce daga ƙasa har sama, in ba haka ba bel ya tafi. A yashi mai zurfi ma tirela anga ce.

Sannan akwai abin da ba a tunawa sai an saya. Ita kanta UTV a kan tirela ake kai ta bakin daji. Yanzu kana da abu biyu da za ka ɗora, wato kana bukatar doguwar tirelar titi da babbar motar da za ta ja ta. Wannan kuɗin yakan fi na tirelar dajin kanta.

Zaɓi na huɗu: sayar da ita, sayi wadda aka yi don tafiya

A 2023 Polaris ta fito da Xpedition, wadda aka tsara musamman don irin wannan tafiyar: ƙarfin doki 114 maimakon 82 na Ranger XP 1000, tanki galan 12.5, kamfanin kuma ya ce tana haura mil 200 da cikawa ɗaya. Akwai samfurin da ke rufe ruf da na'urar ɗumama da ta sanyaya ɗaki. Ta fito a kan kusan dala 29,000, manyan samfuran kuma sun haura 40,000. A tsakiya akwai irin su Polaris General da Can-Am Commander, masu shokozoba mai tafiya da nisa fiye da na motar gona, da bodi ƙarami.

Abin da kake saye a nan shi ne jin daɗin jiki a doguwar gargada, da garanti, da kayan da aka auna su tare tun daga masana'anta. Abin da kake rasawa shi ne babban bodi da kuɗi mai yawa. Kuma ko ita sai ka saya mata tanti, safayar taya da sauran tarkace. Wanda motarsa ke aikin gida ko gona rabin shekara, ban ga dalilin da zai sa ya yi wannan canjin ba.

| Zaɓi | Kuɗi (dala) | Nauyi a kan mota | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Tanti a ƙasa | 500 zuwa 1,000 | kilo 25 zuwa 30, a ƙasa | babu abin karyewa | kafawa da kwancewa kullum | ruwan sama, rashin fili |
| Kariya da tantin sama | 2,000 zuwa 5,500 | kusan kilo 100, a sama | notuna da bakin bodi na shan wuya | minti biyar, amma mota ta zama ɗaki | kifewa, wahalar kai wa inji |
| Tirela | 2,000 zuwa sama da 10,000 | kaɗan, a mahaɗi | mai kyau, sai kula da boris | zango mai daɗi, jigila mai wuya | ribas a siririyar hanya, zafin bel |
| Sabuwar mota | daga kusan 29,000 (farashin 2023) | ya danganta da abin da ka ɗora | garantin kamfani | ta fi kowacce daɗin tuƙi | bashi, ƙaramin bodi |

Abubuwa biyu da za su ja hankalinka

Na ɗaya, akwatunan giya da ake sawa a bakin kowace taya don ɗaga mota inci huɗu, shida ko takwas. Suna da amfani ga masu shiga taɓo mai zurfi a jihohin kudu irin su Luwiziyana. Ga mai tafiyar zango kuwa, sun haura dala 3,000, suna ƙara tsayi ga motar da tsayi ne matsalarta, suna ƙara nauyi a ƙafafu, kuma sun zama ƙarin wurare huɗu da mai zai iya zuba. Ka bar su.

Na biyu, firij. Wannan kam yana da daɗi, musamman gare mu da ke tafiya da namanmu na halal tun daga gida, don ba a samunsa a ƙauyukan hanya. Sai dai wutar da injin waɗannan motoci ke bayarwa kaɗan ce, tsakanin wat 600 da 900 a yawancinsu, kuma inji da fanka da sitiyari sun riga sun ci rabonsu. Kada ka haɗa firij da batirin tayar da mota. Ko dai ka sa batir na biyu da na'urar da ke raba su, ko ka sayi akwatin wuta mai ɗaukuwa ka haɗa da faifan sola mai naɗewa. Batirin litiyam bai kai rabin nauyin na dalma ba, amma ba a cajinsa in sanyi ya kai na daskarewar ruwa, abin da ke faruwa da asuba a kan duwatsun Utah ko a farkon kaka. Tafiyar kwana biyu zuwa uku, kula mai kauri da ƙanƙarar da ka daskarar a robobin ruwa ta wadatar, in ta narke kuma ka sha.

Tunda an zo maganar sanyi, ina roƙon 'yan uwa da babbar murya: kada a shigar da gawayi ko risho cikin tanti, na ƙasa ne ko na sama. Mun saba da kaskon wuta a ɗaki lokacin hunturu, amma tanti a rufe ƙaramin wuri ne, iskar da ke kisa kuma ba ta da wari. Bargon zango mai kauri shi ne magani.

Kafin ka kashe ko sisi, duba inda za ka

Hanyar Paiute da ke tsakiyar Utah tana da sassan da aka taƙaita wa motocin da faɗinsu bai wuce inci 50 ba, da ƙofofin ƙarfe a bakinsu. Babu ɗaya daga cikin manyan motocin gona da za ta shige, sai ka bi zagaye. Gandayen shaƙatawa na ƙasa da ke Utah, irin su Canyonlands, ba sa barin UTV ko da tana da lambar hawa titi. A filayen BLM, hukumar da ke kula da filayen gwamnatin tarayya, ana barin mutum ya yi zango kyauta har kwana 14 a yawancin wurare, hukumar gandun daji kuma tana da taswirar da ke nuna hanyoyin da aka yarda mota ta bi. Da rani akan hana kunna wutar itace, don haka ka tafi da murhun gas. Kuma ko wane zaɓi ka yi, ka ware kuɗin na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam irin Garmin inReach, ka sa hular kwano, ka ɗaura bel ɗin kujera.

Wa ya dace da wanne

In ku biyu ne, tafiyarku kwana biyu zuwa huɗu, kuna son hanyoyin dutse masu hawa da karkata, kuma motar tana da aiki a gida, tanti a ƙasa ne naku. Ragowar kuɗin a sa a safirin da shokozoba masu kyau, jikinku zai gaya muku bambancin tun ranar farko.

In kullum sabon zango kuke yi, hanyoyinku na hamada ne masu faɗi irin na yammacin Arizona, kuma kwana a ƙasa shi ne abin da zai hana iyalinka bin ka, to tantin sama ya biya kuɗinsa. Sharaɗi dai kariya gajera, tanti mara nauyi, da tabbacin za ka iya ɗaga bodi.

In kuna da yara, ko kuna zama wuri ɗaya kwanaki, kuma kana da babbar mota da doguwar tirelar titi, ɗauki tirela, ka guji siraran hanyoyin kan dutse.

In kana yin fiye da wata guda a daji kowace shekara, motar ba ta da wani aiki sai wannan, kuma za ka iya saye ba tare da ka shiga bashin da zai dame ka ba, sabuwar motar ta fi dacewa da kai fiye da yi wa ta gona kwaskwarima har abada.

Shi abokina na ce masa ya sayi taya, garkuwa, winci da bel, ya ari tantina na ƙasa, mu tafi Marysvale kwana biyu kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyin sama. Na ce ya cika motar da duk abin da yake ganin zai bukata, mu biya ta ma'aunin manyan motoci da ke bakin hanya mu auna ta da lodinta, ya rubuta adadin. Sauran dala 3,000 kuma su zauna a asusu har mu dawo.